Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Fashin Baƙi Kan Sana'ar Kwamfuta da Bizar Ƙwararru

A 'yan shekarun nan, duk mai leƙa Facebook ko WhatsApp ba zai rasa cin karo da tallan wata makaranta da ke alƙawarin koyar da rubuta manhaja cikin wata shida ba, kuma sau da yawa akan liƙa tutar Kanada ko ta Birtaniya a ƙarshen tallan, domin mai karatu ya ƙarasa lissafin da kansa. Akwai ƙamshin gaskiya a cikin tallan, domin sana'ar kwamfuta tana cikin sana'o'in da ƙasashen Turai da Arewacin Amurka suka daɗe suna buɗe wa ƙofa. Aibinsa shi ne ya tsallake duk abin da ke tsakanin ranar da mutum ya fara koyo da ranar da aka buga masa biza a fasfo, alhali wannan tazarar ce take cin shekaru, kuma a cikinta ne mafi yawan masu niyya suke maƙalewa.

Ci-rani tsohon abu ne a wurin Bahaushe. Kakanninmu sun bi hanyar goro har Gwanja, sun kafa zango a Kumasi, wasu sun tsaya a Sudan a kan hanyarsu ta aikin hajji har zuri'arsu ta zama 'yar ƙasa. A wancan zamani guzurin matafiyi shi ne lafiya da ɗan jari da mai masaukin da zai tsaya masa. Ci-ranin ƙwararru na yau yana da masu gadi uku, kuma kowannensu abin da yake dubawa daban ne. Kamfani yana son ya san ko mai nema zai iya warware masa matsalar da ta hana shi barci. Hukumar tantance takardun karatu tana son ta san ko digirin da aka kawo ya yi daidai da nasu. Jami'in shige da fice kuwa bai taɓa ganin manhajar da mutum ya rubuta ba, kuma ba zai gan ta ba har abada, abin da ke gabansa takardu ne da lambobi. Wanda ya gina sana'arsa domin ya gamsar da ɗaya daga cikinsu kawai, zai iya zama gwani na gaske amma ya kasa wucewa.

A dunƙule, tsare-tsaren waɗannan ƙasashe sun kasu gida biyu. A gida na farko sai kamfani ya ɗauki mutum aiki kafin a fara maganar biza, kamar yadda ake yi a Birtaniya da Amurka da Holan, da kuma tsarin katin da ƙasashen Tarayyar Turai ke kira Blue Card. A gida na biyu gwamnati ce ke auna mutum da maki, ta duba shekarunsa da karatunsa da harshensa da tsawon aikin da ya yi, ta gayyace shi ko da bai sami aiki ba tukuna. Kanada da Ostireliya ne suka yi fice a wannan, Jamus kuma ta shigo da wani ƙaramin nau'insa a 2024.

A fara da Birtaniya, tunda can ne hankalin 'yan Najeriya ya fi karkata. Bizar ƙwararren ma'aikaci da aka soma aiki da ita a Disambar 2020 tana buƙatar kamfanin da ke da lasisi daga ma'aikatar harkokin cikin gida ya ba mutum takardar ɗaukar nauyi, sannan albashin da zai biya shi ya kai wani adadi. Adadin yana fam 26,200 kafin Afrilun 2024, lokacin da aka ɗaga shi zuwa fam 38,700, sannan a ranar 22 ga Yulin 2025 ya koma fam 41,700, aka kuma mayar da matakin aikin zuwa na mai digiri, wanda ya fitar da mafi yawan ƙananan ayyuka daga jerin. Lissafin bai tsaya nan ba, domin kowace sana'a tana da nata farashin a jadawalin gwamnati, kuma wanda ya fi yawa tsakanin adadin gama-gari da na sana'ar shi ake bi. A jadawalin Afrilun 2024 farashin mai rubuta manhaja fam 49,400 ne a shekara. Akwai rangwame ga 'yan ƙasa da shekara 26 da waɗanda suka kammala karatu a can kwanan nan, amma ga mai shekara talatin da ke nema daga Kaduna ko Abuja, cikakken farashin sana'ar shi ne katangar da zai haura.

Ya kamata a fahimci abin da wannan adadi ke nufi, domin a kansa ne duk sauran maganar ta ginu. Gwamnati ba ta da hanyar da za ta gwada gwanintar mutum a rubuta manhaja, saboda haka ta bar wa kasuwa wannan aikin: in har kamfani ya yarda ya biya kusan fam dubu hamsin, ga kuɗin lasisi da harajin ɗauko baƙo da jiran watanni, to lallai akwai abin da ya gani. Babu kamfanin da zai ɗauki wannan ɗawainiya a kan sabon shiga, alhali jami'o'in Manchester da Birmingham suna yaye irinsa duk shekara, kuma ba sa buƙatar biza. Wanda ake ɗauko wa daga nesa shi ne wanda za a damƙa wa aiki a makon farko a juya baya.

Tarihin kamfanin Andela ya isa misali. An kafa shi a Legas a 2014 da manufar zaƙulo matasa masu basira, a horar da su, a haɗa su da kamfanonin ƙasashen waje, har gidauniyar Mark Zuckerberg da matarsa ta jagoranci zuba masa dala miliyan 24 a 2016. A Satumbar 2019 sai ya sallami ƙananan injiniyoyi sama da 400 a Najeriya da Kenya da Yuganda, yana mai bayanin cewa abokan cinikinsa manyan injiniyoyi suke nema. Wannan ya faru tun kasuwa tana ganiyarta. Daga baya Meta, uwar Facebook, ta sallami ma'aikata 11,000 a Nuwamban 2022, Google ta sallami 12,000 a Janairun 2023, Microsoft kuma 10,000 a wannan watan, ga shi manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT da Copilot sun soma yin ƙananan ayyukan da a da ake ba sabon shiga ya koyi hannu da su. Shirin 3MTT da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023 domin horar da 'yan Najeriya miliyan uku abin yabo ne a matsayin ƙofar shiga sana'a, amma kada wanda ya kammala shi ya ɗauka ya riƙe tikitin jirgi. Babu tsarin biza ko ɗaya a cikin waɗanda ake magana a kansu da ke ba da maki saboda takardar horon wata uku.

Jamus ce ƙasar da dokarta ta fi yi wa wanda ya koyi sana'ar da kansa adalci, kuma ita ce ba a cika ambata a hirar matasanmu ba, wataƙila saboda tsoron harshenta. Dokarta ta shigo da ƙwararru ta fara aiki a Maris na 2020, aka faɗaɗa ta a 2023. Tun daga Nuwamban wannan shekarar, masanin kwamfuta marar digiri zai iya samun Blue Card idan ya tabbatar da shekara uku na aiki a matakin masu digiri cikin shekara bakwai da suka gabata, ya kuma sami kwantiragin aƙalla wata shida da albashin da ya kai ƙa'ida, wanda a 2025 ya kasance kusan yuro 43,760 a shekara ga wannan rukuni. Mai digiri kuwa sai an duba jami'arsa da digirinsa a rumbun bayanan da ake kira anabin, in ba a same su ba ya nemi tantancewa daga ofishin ZAB da ke Bonn. Mai Blue Card yana iya samun izinin zaman dindindin bayan wata 27, ko bayan wata 21 in Jamusancinsa ya kai matsakaicin matakin da ake kira B1, abin da da wuya a sami mai saurinsa a manyan ƙasashen Turai. A Yunin 2024 aka ƙara Chancenkarte, wato katin dama, wanda ke ba mai digiri ko mai horon sana'a na aƙalla shekara biyu damar shiga ya nemi aiki na tsawon shekara guda, yana ɗan aikin da bai wuce awa 20 a mako ba, muddin ya cika sharuɗɗan maki kuma ya nuna kuɗin ciyar da kansa, yuro 1,091 a kowane wata a lissafin 2025. A ganina wannan kati ya fi dacewa da wanda ya riga ya ƙware, yake buƙatar kawai a gan shi ido da ido. Wanda hannunsa bai nuna ba zai cinye sama da yuro dubu goma sha uku ya dawo, musamman da yake tattalin arzikin Jamus ya ja baya a 2023 da 2024, kuma da zarar an fita daga kamfanonin Berlin da ke aiki da Ingilishi, matsakaitan kamfanonin da ke riƙe da ƙasar Jamusanci suke so.

Kanada kuwa sai an zauna da alƙalami da takarda. Tsarinta na Express Entry, wanda ya fara a Janairun 2015, yana jera masu nema bisa maki 1,200, lokaci zuwa lokaci a ja layi a gayyaci waɗanda ke sama da shi. A ɗauki misalin saurayi marar aure mai shekara 29, mai digiri na farko, wanda ya yi shekara uku yana aiki a Najeriya, ya kuma ci 8 a ɓangaren sauraro na jarrabawar Ingilishi ta IELTS da 7 a sauran ɓangarori uku. Shekarunsa za su ba shi maki 110, digirinsa 120, Ingilishinsa 124, haɗuwar harshen da karatu da aiki kuma ta ƙara masa 75, jimla 429. Da yana da digiri na biyu, da ya kai 469. To amma duk zaɓen gama-gari da aka yi a watannin farko na 2024 layinsu ya tsaya sama da maki 520. Wato mutumin da kowa a unguwarsu ke ganin ya gama cika sharaɗi, yana ƙasa da layi da maki kusan ɗari. Abin da kan cike wannan giɓi shi ne lardi ya zaɓi mutum, wanda ke ba da maki 600 kai tsaye, ko kuma ya faɗa cikin rukunin sana'o'in da ake yi wa zaɓe na musamman tun 2023.

A nan ne masu rubuta manhaja suka sha mamaki. Lokacin da aka buɗe rukunin kimiyya da fasaha a 2023 suna cikinsa, amma a Fabrairun 2025 aka sabunta jerin, aka cire injiniyoyin manhaja da masana nazarin bayanai da masu gina shafukan intanet, aka bar ƙwararrun tsaron intanet tare da injiniyoyin gine-gine da na lantarki. A watan Maris na wannan shekarar aka soke makin da ake bayarwa saboda samun tayin aiki, bayan an gano ana cinikin takardun. Kafin nan, a Oktoban 2024, gwamnati ta rage yawan waɗanda za ta ba zaman dindindin a 2025 daga 500,000 zuwa 395,000. Wanda ya zaɓi fanninsa a 2023 saboda jerin wancan lokaci, kafin ya tara shekarun aikin da ake buƙata jerin ya canza.

Shekaru ma suna gudu da nasu lissafin. Bayan shekara 29 maki biyar ko shida ke zubewa duk shekara har zuwa shekara 40, daga nan zubewar ta ƙaru, mai 35 yana da 77, mai 45 ba shi da ko ɗaya. Ɗalibin jami'ar gwamnati a Najeriya da ya zauna a gida wata tara a yajin aikin malamai na 2020, ya sake zama wata takwas a na 2022, sannan ya jira kiran bautar ƙasa, ya riga ya yi asarar da takwaransa na Indiya bai yi ba tun kafin su shiga layi ɗaya. Akwai kuma wata ƙofa da ta shafi Hausawa kai tsaye, wato Faransanci. Kanada tana neman ƙara yawan masu jin Faransanci a wajen lardin Quebec, saboda haka wanda ya kai mataki na 7 a dukkan ɓangarorin jarrabawar Faransanci ta TEF ko TCF yana samun ƙarin maki har 50, kuma ana yi wa rukuninsu zaɓe na daban wanda layinsa ya sha saukowa ƙasa da 400. Injiniyan da ya tashi a Damagaram ko Maraɗi ko Garwa, ya yi karatunsa da Faransanci, ya kuma ƙara Ingilishi, yana gaban na Kano a wannan layi da tazara mai yawa. Ɗan Katsina ko Daura da iyakar Nijar ke bayan gidansu ya kamata ya yi tunani ko shekara biyu na koyon Faransanci ba ta fi masa tara takardun kwas na huɗu da na biyar ba.

Amurka ba ta buƙatar dogon bayani a halin da ake ciki. Bizarta ta ƙwararrun ma'aikata, wato H-1B, guda 65,000 ce a shekara, da ƙarin 20,000 ga masu babban digiri daga jami'o'in ƙasar, kuma da yake masu rajista sun haura 700,000 a 2023, ƙuri'a ake jefawa. A Satumbar 2025 Shugaba Trump ya ɗora kuɗin dala 100,000 a kan sababbin buƙatun da ake shigar wa waɗanda ke waje. An rufe ƙofa ga 'yan Chadi da Sudan tun Yunin wannan shekarar, a Disamba aka ƙara 'yan Nijar, aka kuma taƙaita bizar zama da ta karatu da ta ziyara ga 'yan Najeriya. Wanda ke tsara shekara biyar na rayuwarsa a kan wannan hanya yana gini ne a bakin rafi.

Idan aka tattara waɗannan dokoki, abin da duk suka haɗu a kai shi ne shekarun aiki na gaske da za a iya tabbatarwa, kuma a nan ne matsalarmu ta fi yawa. Kanada tana buƙatar aƙalla shekara guda ta aiki a jere, awa 1,560, wanda aka biya albashi a kansa, aikin sa kai da koyon aiki na kyauta ba sa shiga lissafi. Hujjar ita ce wasiƙa a kan takarda mai tambarin kamfani, wadda ta faɗi ranar farawa da ta barin aiki, da yawan awoyi a mako, da albashi, da ayyukan da mutum ke yi dalla-dalla, kuma jami'in zai gwama waɗannan ayyuka da bayanin sana'ar a kundinsu. Sunan muƙami ba ya burge shi. A ofisoshinmu da dama wanda ake kira jami'in kwamfuta shi ne mai gyaran firinta, shi ne mai jan wayar intanet, shi ne kuma mai zana katin ɗaurin auren 'yar shugaba. Aiki ne na halal, amma shekara biyar a kansa ba za ta zama shekara biyar ta injiniyan manhaja ba a idon Ottawa ko Berlin. Saboda haka matashin da ke zaɓa tsakanin aiki biyu ya kamata ya tambayi kansa abin da za a iya rubutawa a wasiƙarsa bayan shekara uku ba tare da ƙarya ba. Ya kuma karɓi wasiƙar tun ranar da zai bar kowane wuri, domin ƙananan kamfanoni suna mutuwa, shugabanninsu suna watsewa, lambobin wayarsu suna daina shiga. Albashin da ya biyo ta banki, da takardar albashi ta wata-wata, da shaidar cire haraji da ta asusun fansho, duk shaidu ne da ba a iya ƙirƙira su daga baya. Mai aiki da kansa ta Upwork, shafin samun ƙwadago ta intanet, ko makamancinsa ya fi kowa buƙatar wannan kulawa: ya yi wa sana'arsa rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ya adana kwantiragi da rasit da wasiƙun abokan hulɗa, domin babu shugaban da zai sa masa hannu.

Wurin da aka yi aikin ma yana da tasiri, domin ƙwarewar da ake biya da tsada tana samuwa ne inda manhaja ke ɗauke da kuɗin mutane ko lafiyarsu, inda kuskure ɗaya ke tayar da injiniya da tsakar dare. Irin waɗannan wurare a Najeriya su ne bankuna da kamfanonin sadarwa da na hada-hadar kuɗi irin su Interswitch da Flutterwave da Moniepoint da Paystack, wanda Stripe ta saya a 2020, kuma kusan dukkansu Legas ce cibiyarsu. A Arewa akwai eHealth Africa a Kano, da cibiyoyin matasa irin su CoLab a Kaduna da nHub a Jos, amma guraben ba su kai yawan masu nema ba. Gaskiyar da ba a son faɗa ita ce, ga ɗan Arewa da yawa ci-ranin farko na Legas ne ko Abuja, ko kuma aiki daga gida ta intanet tare da yaƙi da ɗaukewar wuta. A can ne zai zaɓi fanni guda ya nutsa a ciki, ko ginin ɓangaren manhaja da ke sarrafa bayanai a bayan fage, ko kula da AWS da Azure, wato tsare-tsaren ajiye bayanai da sarrafa manhaja a intanet na kamfanonin Amazon da Microsoft, ko tsaron intanet. Takardun shaida na waɗannan kamfanoni suna taimakawa wajen tsallake tacewar farko ta masu ɗaukar aiki, iyakar amfaninsu ke nan.

Sai intabiyu, wadda take da wata wahala ta musamman ga wanda ya tashi da tarbiyyar Hausa. An koya mana cewa yabon kai jahilci ne, mun saba cewa "mun ɗan taɓa" a kan aikin da muka kwana a kansa wata uku. Mai intabiyu daga Amsterdam ko Landan kuwa zai ce a ba shi labarin ranar da tsarin ya rushe, wane ne ya gano dalilin, wane ne ya yanke shawara, kuma in ya ji "mu" daga farko har ƙarshe zai ɗauka mai maganar ɗan kallo ne. Kawaici halin kirki ne, amma dole mutum ya koyi faɗin abin da ya yi da bakinsa, da adadi da sakamako, cikin Ingilishin baka da ba ya sarƙewa. Wannan ma sana'a ce da ake koya da maimaici.

Akwai hanyar da ba ta bi ta kamfani kwata-kwata. Bizar Global Talent ta Birtaniya ba ta neman tayin aiki ko wani adadin albashi, abin da take nema shi ne Tech Nation, cibiyar da ke tantance masana fasahar kwamfuta, ta amince cewa mutum jagora ne a fanninsa ko yana kan hanyar zama, bisa wasiƙun manyan masana uku da hujjojin da ba su wuce goma ba. Hujjojin nan su ne irin abin da duniya ke iya gani: gudummawa ga manhajojin da kowa ke amfani da su a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, jawabi a taron masana, binciken da aka wallafa, horar da na baya. A nan harshen uwa ma jari ne. Ƙungiyoyin masu bincike irin su Masakhane da HausaNLP sun buɗe wa matasa hanyar sa sunansu a ayyukan koyar da kwamfuta harsunan Afirka, fannin da ɗan Zariya ke da abin da ɗan California ba shi da shi.

Wani abin da ke kayar da mutane bai shafi kwamfuta ba ko kaɗan. Sunan mutum Muhammad a takardar WAEC, Mohammed a digiri, Muhammadu a katin zama ɗan ƙasa, a wata takardar sunan garinsu ne sunan ƙarshe, a wata kuma sunan mahaifi. Ranar haihuwa ma an taɓa rage ta domin shiga makaranta ko neman aikin gwamnati. A gida takardar rantsuwa ta kotu tana rufe wannan, amma a wurin jami'in da aka horar ya nemi saɓani, kowane bambanci tambaya ce da ke buƙatar amsa. Gyaran yana cin watanni, haka ma fitar da cikakken sakamakon karatu, wanda hukumomin tantance takardun karatu irin su WES ke so jami'a ta aika musu kai tsaye ba ta hannun ɗalibi ba. Auren da aka ɗaura a masallaci ba tare da takarda ba sai an nemi shaidarsa, kuma mai mata fiye da ɗaya ya sani cewa Kanada da Birtaniya da Jamus mace ɗaya kawai dokarsu ke bari ta biyo miji a matsayin mata.

Kuɗi kuma ba a tara su dare ɗaya. Kanada ta buƙaci mutum ɗaya ya nuna dalar Kanada 15,263 a 2025, ba na rance ba, kuma wasiƙar banki tana nuna matsakaicin abin da ya zauna a asusun cikin wata shida, saboda haka kwasar adashe ko taimakon kawu da ya faɗo mako guda kafin nema sai an yi bayaninsa. Birtaniya tana karɓar fam 1,035 na kiwon lafiya a kan kowane baligi a kowace shekara, a biya gaba ɗaya tun farko, wato miji da mata masu bizar shekara uku za su ajiye fam 6,210 kafin a zo kan kuɗin bizar kanta. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 1,500 a kan dala a farkon 2024, duk wanda ke tari da naira ya ga guzurinsa ya narke a hannunsa, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa aikin da ake biya da dala daga gida ya zama matakala mai muhimmanci.

Inda buƙata ta yi yawa kuma ƙofa ta ƙuntata, dillalai ba sa rasa kasuwa. Takardar ɗaukar nauyi ta Birtaniya ba hajar sayarwa ba ce, duk wanda ya nemi miliyoyi a kanta ko dai damfara yake yi ko yana jefa mai saye cikin laifi, kamar yadda 'yan Najeriya da dama suka gani a harkar bizar kula da tsofaffi kafin a rufe ta ga masu nema daga waje a Yulin 2025. Jerin kamfanonin da ke da lasisi yana shafin gwamnatin Birtaniya, kowa na iya dubawa kyauta. Wasiƙar aiki ta bogi ko bayanin banki da aka gyara suna jawo haramcin shekara biyar a Kanada, a Birtaniya kuma shekara goma, kuma ƙasashen suna musayar bayanai a tsakaninsu.

Wanda ya tsallake duk wannan ya sauka a filin jirgin Heathrow na Landan ma bai gama ba, domin bizarsa a ɗaure take da kamfanin da ya ɗauko shi. A Mayun 2025 gwamnatin Birtaniya ta bayyana aniyar mayar da wa'adin samun zaman dindindin daga shekara biyar zuwa goma ga mafi yawan masu wannan biza, wanda ke nufin tsawaita lokacin da mutum zai zauna a wannan ɗaurin. In kamfanin ya rage ma'aikata, ko ya rasa lasisinsa, akan ba ma'aikacin kwana 60 ya sami wani mai ɗaukar nauyi ko ya tattara iyalinsa ya fita, kuma wa'adin mai H-1B a Amurka ma kwana 60 ne. A cikin waɗannan kwanaki kuɗin haya ba ya tsayawa, kamfanonin da zai iya nema su ne masu lasisi kaɗai, albashin da za su yi masa tayi dole ya kai ƙa'idar ranar, kuma zai sake zama gaban masu intabiyu su tambaye shi labarin ranar da tsarin ya rushe.